Zanen Abin da Ido Bai Taɓa Gani Ba

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kasuwa ko a gaban alƙali maganar ba ta da makusa. Sai dai akwai fagen da ba ta shiga, wato fagen ƙwayar zarra. Babu mahaluƙin da ya taɓa ganin siffar ƙwayar zarra guda da idonsa, kuma ba raunin ido ne kaɗai ya jawo haka ba. Hasken da muke gani da shi ne ya yi mata kauri. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan goma, faɗin ƙwayar zarra bai wuce gida ɗaya zuwa 'yan kaɗan ba, alhali zangon hasken da ido ke kamawa ya ninka haka sau dubbai. Na'urorin zamani suna iya laluben ta su auna, sannan kwamfuta ta mai da awon ya zama hoto. Ko a nan ma, abin da ake nuna mana awo ne da aka sa wa riga.

Duk da haka, ka ce wa ɗalibin sakandare ya zana maka ruwa yadda aka koya masa. Zai zana babban ƙwallo ja, ya maƙala masa ƙanana biyu farare, ɗaya ta nan ɗaya ta can, su ɗan karkato. Idan mai ƙoƙari ne zai ƙara da cewa kusurwar da ke tsakaninsu digiri 104.5 ce. Yana magana da yaƙinin wanda ya gani, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. To me ya gani? Ya ga maganar da wasu mutane suka tsara, suka yi ittifaƙi a kanta, suka miƙa ta hannu zuwa hannu har ta iso allon ajinsu. Zanen kimiyya magana ce. Tana da kalmominta da ƙa'idojinta, tana da abin da take faɗa da abin da take yin shiru a kansa, kuma ana iya yin ƙarya da ita ko da ba a yi niyya ba.

Launin ma da tarihinsa. A shekarar 1865 wani masanin sinadarai Bajamushe, August Wilhelm von Hofmann, wanda ya daɗe yana koyarwa a Landan, ya tsaya gaban jama'a a zauren Royal Institution da ƙwallayen wani wasan Turawa da aka harhaɗa da 'yan sanduna. Ya sa baƙi ya tsaya wa kabon, fari ya tsaya wa haidirojin, ja oksijin, shuɗi naitirojin, kore kuma kulorin. Kusan shekara 90 bayan haka Robert Corey da Linus Pauling suka ƙera nasu ƙwallayen a Kalifoniya, Walter Koltun ya inganta su a shekarun 1960, launukan nan suka zauna daram har yau. Amma kabon ɗin da ya yi baƙi a gawayi shi ne ya yi garai-garai a lu'ulu'u, kuma oksijin da muke shaƙa ba ta da launi ko kaɗan. Jan nan suna ne aka raɗa mata. Amfaninsa shi ne kowa ya amsa shi, ta yadda ɗalibi a Damagaram da ke karatu da Faransanci da ɗan'uwansa a Katsina da ke karatu da Ingilishi za su kalli hoto ɗaya su fahimci abu ɗaya ba tare da tafinta ba.

Duk wanda ya rayu a shekarar 2020 ya san hoton ƙwayar cutar korona, dunƙule mai ruwan toka da jajayen ƙayoyi. Masu zane biyu ne na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, Alissa Eckert da Dan Higgins, suka haɗa shi a farkon shekarar, bisa awon furotin-furotin ɗin da masana suka riga suka yi. Ƙwayar cutar ta yi ƙanƙantar da ba za ta ɗauki launi ba. Su suka zaɓi jan, kuma shi ya sa ido ke fara sauka a kan ƙayoyin da take kama jikin mutum da su. Haka nan littattafan ilimin halittu ke zana wasu jijiyoyin jini da shuɗi domin a bambanta mai komawa zuciya da mai fitowa, har yara da yawa su tashi da zaton akwai shuɗin jini a jikinsu, alhali ja ne mai duhu. Laifin ba na launin ba ne. Malami ne bai tsaya ya ce, "Wannan shuɗin namu ne, mu muka sa shi," ba.

Ƙwallayen Hofmann suna da wani aibi da ya fi na launi girma. Iskar metan, wadda ke da kabon ɗaya da haidirojin huɗu, ya shimfiɗa ta ne a baje, kabon a tsakiya, sauran huɗun gabas da yamma, kudu da arewa. Haka takarda ta saba wa mutane, domin takarda ba ta da zurfi. Shekara tara bayan haka, a 1874, wani saurayi ɗan ƙasar Holan mai shekara 22, Jacobus van 't Hoff, da wani Bafaranshe, Joseph Le Bel, kowa da nasa aikin, suka ce hannuwan kabon huɗu ba a kwance suke ba, suna miƙewa ne zuwa kusurwoyi huɗu na dala mai fuska huɗu, tsakanin kowane biyu digiri 109.5.

Hujjar da ke bayan wannan tana burge ni, domin ba ta buƙatar na'ura, hankali kawai take nema. A cire haidirojin biyu daga metan a sa kulorin biyu a gurbinsu. In da a baje abin yake, da an sami iri biyu: wanda kulorin ɗin ke maƙwabtaka da juna, da wanda suke fuskantar juna. Amma duk yadda aka haɗa sinadarin, iri ɗaya ake samu. A kan dala kuwa kowace kusurwa maƙwabciyar sauran ukun ce, don haka iri ɗaya ne kawai zai yiwu. Sannan idan abubuwa huɗun da ke jikin kabon duk sun bambanta, dalar tana ba da siffa biyu, kowace hoton 'yar'uwarta a madubi, hagu da dama, ba ta yadda za a juya ɗaya ta koma ɗayar. Wannan ya warware abin da Louis Pasteur ya gani tun 1848, lokacin da ya zauna yana tsince ƙananan duwatsun wani gishiri ɗaya bayan ɗaya, masu fuskantar dama gefe, masu fuskantar hagu gefe. Van 't Hoff ya yanka kwali ya haɗa ƙananan daloli, ya aika wa manyan masana domin su riƙe a hannu su juya. Wani babban farfesa, Hermann Kolbe, ya yi masa ba'a a rubuce a 1877, yana ganin abin mafarki ne na yaron da ke aiki a makarantar likitan dabbobi. Dalar kwalin ce ta yi gaskiya. A nan zane ya riga ido isa wurin da shekaru masu yawa, kuma ni a ganina wannan shi ne babban matsayinsa. Bayan ya adana abin da aka sani, yana kuma tilasta wa mai shi ya yanke hukunci a kan abin da baki zai iya kewayewa. Mai magana zai iya cewa "suna haɗe" ya wuce. Mai zane dole ya nuna ta ina.

Akwai kuma shirun zane, wanda shi ne ya fi wuyar koyarwa. Tun da August Kekulé ya kawo shawarar cewa sinadarin benzin zobe ne na kabon shida a 1865, masana suka yi ta rage abin da suke rubutawa, har aka kai ga yau ana zana shi da siffa mai kusurwa shida kawai, babu harafi ko ɗaya. Kowace kusurwa kabon ce, kuma haidirojin da ke jikinta an bar wa mai karatu ya lissafa da kansa. Kafeyin, sinadarin da ke hana mai cin goro barci, yana da ƙwayoyin zarra 24: kabon 8, haidirojin 10, naitirojin 4, oksijin 2. A zanensa za ka ga zobe biyu manne da juna, ɗaya mai kusurwa shida ɗaya mai biyar, da 'yan haruffa jefi-jefi. Mafi yawan abin da ke ciki ba a rubuta shi ba. Kamar mai yi wa baƙo kwatancen gida ne. Ba zai lissafa masa kowace bishiya da kowane kwararo ba, zai ce in ka wuce masallaci ka yi dama, ƙofa ta uku. Wanda ya fi iya kwatance shi ne wanda ya san abin da zai bari. Amma shirun yana aiki ne kawai ga wanda aka koya wa dokarsa. Ɗalibin da ba a gaya wa cewa kowace kusurwa kabon ce ba, zai kwafi siffar tsaf a jarrabawa, ya ci maki, bai kuma karanta komai ba.

Shi ya sa babu zane ɗaya da ya isa. Na ƙwallo da sanda yana nuna wa ke riƙe da wa, da kusurwar da ke tsakani, amma yana sa a zaci akwai fili wayam a tsakiyar abin. Na dunƙulallun ƙwallaye masu cuɗanya yana nuna girma da fuskar waje, wadda magani ke lalube kafin ya kama, amma ya rufe ciki. Kowanne ya faɗi gaskiya, kowanne ya ɓoye wata. Malamin da ya nuna biyun tare ya fi wanda ya nuna ɗaya adalci.

Matsalar ta kai maƙura da aka zo kan furotin. A 1958 John Kendrew a Kambirij ya fitar da siffar furotin ta farko da aka taɓa ganowa, ta mayogulobin, mai ajiye oksijin a cikin tsoka. Siffar da ya fara ginawa wata murɗaɗɗiyar aba ce marar fasali, har masanan da suka yi tsammanin ganin tsari mai kyau suka sha mamaki. Da awon ya ƙara kyau, sai ƙwayoyin zarra sama da dubu biyu suka bayyana, kowace da mazauninta. Wa zai iya kallon wannan cunkoso ya fahimci wani abu? Mai zane Irving Geis ya shafe watanni yana fentin ta da hannu domin mujallar Scientific American a 1961, yana amfani da haske da inuwa ya nuna abin da ke gaba da abin da ke baya. Amma wadda ta ba wa fannin harshen da yake magana da shi yau ita ce Jane Richardson ta Jami'ar Duke a Amurka. A wani dogon nazari da ta buga a 1981, ta zana furotin iri-iri da fensir da tawada, ta watsar da ƙwayoyin zarra gaba ɗaya ta bi ƙashin bayan sarƙar furotin ɗin kawai. Inda sarƙar ta murɗe ta zana naɗaɗɗen kintinkiri, inda ta miƙe ta zana faffaɗar kibiya mai nuna inda aka dosa, abin da ya haɗa su kuma siririyar igiya. Da wannan sai dangantaka ta fito fili. Furotin biyu da ba wanda ya zaci suna da alaƙa sai a ga gininsu iri ɗaya ne. Babu kintinkiri a jikin mutum, babu kibiya. Amma yau kusan duk manhajar kwamfuta da ke nuna furotin da wannan salo take nunawa, kuma matasan masana da yawa suna zaton haka abin ya zo tun asali, ba su san hannun wata mace ne ya tsara shi ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk zancen ɗakunan bincike ne na Turai da Amurka. To ga inda ya shigo gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da irin sikila, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ciwon kowace shekara. Da wuya a sami zuriyar da ba ta san daren da yaro ke murƙususu saboda ciwon ƙashi ba. Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin himogulobin, furotin mai ɗaukar oksijin a jini. A tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano ainihin wurin. Himogulobin sarƙa huɗu ce, biyu masu ɗiya 141, biyu masu ɗiya 146. A cikin masu 146 ɗin, ɗiya ta shida ce kaɗai ta sauya, wadda ke son ruwa ta ba da wuri ga wadda ke gudunsa. Wannan ɗigo ɗaya da ke fuskar waje shi ke sa himogulobin, idan ta sauke oksijin ɗinta, ta manne da 'yar'uwarta, wannan ta kama waccan, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma siffar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi.

Na rubuta wannan da jimloli masu yawa, kuma na san wani ya ɓace a tsakiya. Zane mai kyau zai nuna shi a kallo ɗaya: dunƙule huɗu, ɗigo mai launi a gefe, sannan jerin dunƙulallun sun sarƙe. Uwar da ta ga wannan za ta san cewa ba maita ba ce, ba kuma wani abu da ta ci da ciki ba ne. Za ta gane dalilin da ya sa likita ke nanata a ba yaron ruwa sosai, a kiyaye shi daga sanyi da zazzaɓi. Wannan sauƙi ne na gaske ga zuciyar da ta daɗe tana zargin kanta.

Amma a wannan fage ɗin ne kuma na fi jin tsoron zane. Akwai akwatin nan mai gida huɗu da ake zana wa masu shirin aure idan gwajin jini ya nuna dukansu AS ne: gida ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Reginald Punnett ne ya fito da salon a farkon ƙarni na 20, kuma lissafinsa daidai ne. Sai dai mutane da yawa suna karanta gidajen a matsayin 'ya'ya. Wani ya ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu, wani ma ya ɗauka na huɗun ne, don haka in an tsaya a uku an tsira. Abin da akwatin ke nufi shi ne kowane ciki, shi kaɗai, yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Zanen bai yi ƙarya ba, amma siffarsa ta buɗe ƙofar fahimtar da ba ita ba, kuma a kan wannan fahimtar ake ɗaura aure. Duk wanda zai zana akwatin nan a asibiti ko a aji, wajibinsa ne ya rubuta a ƙarƙashinsa, da harshen da mai kallo ke ji, cewa wannan lissafin kowane ciki ne daban.

Sai batun wa ya mallaki zane. Magana ba ta zama harshe sai an bar mutane sun yi ta, kuma masanan furotin sun gane haka da wuri. A 1971 aka buɗe rumbun Protein Data Bank a ɗakin bincike na Brookhaven da ke Amurka da siffofi bakwai kacal. Yau ya haura 200,000, kuma kowa na iya ɗauka kyauta, ko farfesa ko ɗalibin da ya ari waya. A watan Janairun 2000 David Goodsell, masani kuma mai fentin ruwa, ya fara fitar da bayanin molikul ɗaya, wato haɗin ƙwayoyin zarra, kowane wata tare da zanensa, ya kuma fara da mayogulobin ɗin Kendrew. An saki zanen nasa ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya yarda a kwafa, a buga, a gyara, muddin an ambaci mai shi. Richardson ita ma ta sa zanenta na hannu a rumbun Wikimedia Commons. Hoton korona kuwa ya game duniya cikin 'yan makonni ne saboda dokar Amurka ba ta ba gwamnatin tarayya haƙƙin mallaka a kan aikin ma'aikatanta ba. Manhajoji irin su Jmol da Avogadro da Inkscape kyauta ne. A fahimtata wannan aiki dangin sadaka mai gudana ne, domin wanda ya zauna kwana da kwanaki yana daidaita kusurwa da inuwa, sannan ya sake shi ga wanda ba zai taɓa sanin sunansa ba, ya yi abin da ya cancanci a gode masa.

Kyautar tana tafe da amana, domin kuskure ma yana yaɗuwa da saurin da gaskiya ke yaɗuwa. Zanen DNA na farko, wanda ya fito a mujallar Nature ranar 25 ga Afrilu 1953, Odile Crick ce ta yi shi, mai zane kuma matar Francis Crick, ɗaya daga cikin marubutan rahoton. Igiyoyi biyu ne da suka murɗe ta dama, kuma marubutan sun bayyana a ƙarƙashinsa cewa kwatanci ne kawai. Tun daga nan an buga dubban hotuna a bangon littattafai da tallace-tallace da tamburan kamfanoni inda murɗin ya koma hagu, sau da yawa don wani ya juya hoton ne domin ya dace da shafi. A idon wanda bai sani ba duk ɗaya ne. Amma darasin van 't Hoff ke nan tun 1874: a wannan duniyar, hagu da dama abubuwa biyu ne daban. Mai sakin zane ga jama'a ya kamata ya faɗi inda ya samo awonsa, ya bayyana abin da launukansa ke nufi, ya kuma ba wani masani ya duba kafin ya saki.

Abin da ya rage mana shi ne rubutun da ke gefen zanen. Siffar ta riga ta ƙetare iyakoki, amma 'yan kalmomin da kibiyoyi ke nunawa har yanzu da Ingilishi ko Faransanci suke, kuma a nan ne yaro ke tsayawa. Da yawa daga cikin zanen da ke Wikimedia Commons an ajiye su ne a tsarin SVG, wanda ke ba da damar a sauya rubutun ba tare da an taɓa hoton ba, kuma lasisin ya halatta hakan. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya san fannin kuma ya san Hausa. Ina kira ga malaman kimiyya na kwalejojin ilimi da jami'o'inmu, da ɗaliban likitanci da haɗa magunguna, a Najeriya da Nijar, su fara da zane biyu: na himogulobin mai sikila, da akwatin gado mai gida huɗu. Su rubuta bayanin da Hausar da ake ji a asibiti, su ba likita ya duba, su ambaci mai zanen asali, sannan su mayar da shi rumbun da suka ɗauko shi domin malamin da ke ƙauye ya same shi a wayarsa.